Kundin aikin obin ɗin narka dalma: na'urar PID da na haɗa da hannuna

Asabar, 4 ga Janairu 2025

Na buɗe wannan kundi ne don na san halina. Bayan wata biyu zan manta dalilin da ya sa na canza waya kaza ko lamba kaza, in sake faɗawa ramin da na riga na fita.

Abin da ya kawo aikin: kayan lantarkin da nake haɗawa sun ƙanƙance. Wasu ƙwayoyin ba su kai ƙwayar yashi biyu ba, wasu kuma ƙafafunsu na ƙarƙashin cikinsu, bakin ƙarfen liƙi ba ya isa gare su. Hanyar da ta rage ita ce a shafa kwaɓin dalma a kan fanel, wato allon da ake liƙa kayan lantarki a kansa, a jera ƙwayoyin, a sa a obin, zafi ya narka dalmar gaba ɗaya lokaci guda. Amma ba dumama kawai ake yi ba, akwai tsani da ake hawa. Dalmar da nake da ita mai kashi 63 na kuza da kashi 37 na gubar dalma ce, tana narkewa a digiri 183. Ana hawa a hankali zuwa 150, a ja wajen minti ɗaya da rabi tsakanin 150 da 180 don fanel ya ɗauki zafi daidai ko'ina, sannan a haura wajen 215, a zauna sama da 183 kamar minti ɗaya, a sauko. In aka yi gaggawa ƙwayoyi su fashe, in aka daɗe fanel ya ƙone. Makunnin da obin ya zo da shi ba zai iya wannan rawa ba, shi ya sa zan haɗa masa na'urar PID, wadda za ta riƙa auna zafi tana lissafin wutar da za a ba shi.

Kayan da ke kan tebur: ƙaramin obin mai ƙarfin wat 1200, sandunan zafi biyu a sama biyu a ƙasa, Arduino Nano, ƙaramar kwamfutar da za ta ja ragamar aikin, mai ƙwaƙwalwar ATmega328P, ma'aunin zafi, wato tamokoful nau'in K, da guntun MAX6675 mai karanta shi, ƙaramin sikirin OLED, maɓallai uku, da SSR, wato makunnin da ba shi da ƙarfe mai motsi a ciki.

Na yi tunanin rile na gargajiya, makunnin da ke da ƙarfe mai motsi a ciki, mai ƙarar "ƙas-ƙas", amma lissafi ya hana. Irin waɗannan ana ba su wajen kunnawa 100,000 in suna ɗauke da kaya. Ni kuwa ina son kunnawa da kashewa kowane sakan. Raba 100,000 da 3,600, ka ga awa 28 ke nan ya gama rayuwarsa.

Obin ɗin nan ya yi sallama da kicin har abada. Abin da gubar dalma ta shiga ba ya komawa can.

Lahadi, 5 ga Janairu

Na kwance obin, na cire agogonsa da makunnin zafinsa, na ɗauki hoton wayoyi kafin in taɓa komai. Na auna sandunan a haɗe, mita ta nuna om 44. Ya yi daidai da wat 1200 a kan bolt 230, wato amfiya 5 da ɗan wani abu.

Asabar, 11 ga Janairu

Yau ranar ma'auni ce, kuma ya ci min yini guda.

Tamokoful waya biyu ce ta ƙarfe daban-daban da aka haɗa bakinsu. In mahaɗar ta yi zafi sai ɗan ƙarfin lantarki ya bayyana, kuma a nau'in K bai wuce maikurobolt 41 a kowane digiri ba. Abin da ake aunawa ke nan, ɗan mitsitsi. MAX6675 yana ƙara masa ƙarfi, ya mayar da shi lamba, taki-taki na kwatan digiri, daga sifili zuwa 1024.

Da na haɗa, sikirin kwamfuta ya nuna 29. Na matse kan tamokoful da yatsu, sai lamba ta fara sauka: 28, 27, 26. Na ɗan tsaya ina kallon yatsuna kamar su ne da laifi. Ashe wayoyin na juya, ta tabbatacce ta shiga gurbin ta korau. Minti biyu ya gyaru.

Na biyun ne ya wahalar da ni. Lamba ta tsaya cik a 29.25, ko na kusantar da wutar ashana ba ta motsi. Na canza wayoyi, na canza ƙafafun Arduino, har na fara zargin guntun ya mutu. Sai da na koma takardar bayanin guntun na ga abin da na tsallake: yana buƙatar har kusan sakan 0.22 kafin ya gama awo ɗaya, kuma duk lokacin da aka tambaye shi sai ya katse awon da yake yi. Ni kuwa ina tambayarsa sau ɗaruruwa a sakan. Bawan Allah bai taɓa samun damar gama aikinsa ba, sai ya riƙa maimaita min tsohuwar amsa. Na sa tazarar kwatan sakan tsakanin tambaya da tambaya, nan take ya farfaɗo.

Da yamma na gwada gaskiyarsa. A ruwan ƙanƙara da aka dama sosai ya nuna 1.25. A tafasasshen ruwa ya nuna 99.5. Ba zan dogara da na biyun sosai ba, tunda ruwa a bakin teku ne yake tafasa a 100, kuma yana raguwa wajen digiri ɗaya a duk mita 300 da aka hau. Wani abu kuma: wannan guntu ba ya nuna ƙasa da sifili, don haka da kuskurensa ta ƙasa ne, gwajin ƙanƙara zai nuna min sifili cas, in tafi ina murna. Na ci sa'a nawa ta sama ya karkata. Na rage digiri ɗaya a manhaja, na bar shi haka.

Talata, 14 ga Janairu

Na haɗa ɓangaren wutar gida. SSR a kan waya mai wuta, fis a gabansa, wayar ƙasa a ɗaure da jikin obin da noti. Na gwada da kwan fitila a maimakon obin. Yana kunnawa, yana kashewa.

Asabar, 18 ga Janairu

Kafin in rubuta ko layi ɗaya na PID, na so in ga halin obin ɗin da idona. Na yi masa doka mafi sauƙi: in zafi bai kai 150 ba, kunna, in ya kai, kashe. Kowane sakan Arduino yana tura lamba zuwa kwamfuta, ni kuma na zana jadawali.

Sakan 25 na farko ba abin da ya motsa. Sanduna sun fara ja, amma lamba tana nan a 28. Daga nan ta kama hawa, wajen digiri ɗaya a sakan. Da ta taɓa 150 SSR ya yanke wuta, amma zafi bai ji an ce tsaya ba. Ya ci gaba har 171 kafin ya juyo. Saukowar kuma kamar ta hawainiya, sai da ya ɗauki fiye da minti biyu ya dawo 150, ya zarce ƙasa zuwa 143 kafin sanduna su sake ɗaukar zafi.

Wannan jinkirin shi ne dukan matsalar. Wuta tana dumama sanda, sanda tana dumama iska da bango, iska tana dumama ƙarfen da ya lulluɓe ma'auni, sannan labari ya iso ga Arduino. Lokacin da ya ji an kai 150, labarin ya tsufa, kuma akwai zafin da ke maƙale a sanduna wanda dole ya fito.

PID ƙoƙari ne na yin abin da mutum mai hankali zai yi in an ba shi makunnin a hannu. Tarihinsa ma daga nan ya faro. A 1922 injiniya Nicolas Minorsky, wanda ya yi wa rundunar ruwan Amurka aiki, ya rubuta lissafinsa bayan ya lura da yadda matuƙan jirgin ruwa ke juya sitiyari: ba kaucewar yanzu kaɗai suke dubawa ba, suna tuna tsawon lokacin da jirgin ya yi a kauce, suna kuma kallon saurin da yake juyawa. Haruffan ukun ke nan. P yana duba giɓin da ke tsakanin inda ake da inda ake son zuwa, ya ba da wuta gwargwadonsa. I yana tara giɓin a hankali, kamar mai rubuta bashi, yana ƙara matsa lamba muddin ba a biya ba. D yana kallon saurin hawa, ya fara taka birki tun kafin a iso.

Sauran yadda za a ba obin "rabin wuta" alhali SSR kunnawa da kashewa kawai ya sani. Dabarar ita ce a yanka lokaci. Na ɗauki taga ta sakan ɗaya: in lissafi ya ce kashi 30, sai a kunna na sakan 0.3, a kashe sauran. SSR ɗina irin wanda yake jiran igiyar wuta ta ratsa sifili ne kafin ya kunna, kuma a wuta mai zagaye 50 a sakan hakan na faruwa sau 100. Taki ɗari ke nan a taga ɗaya, kowanne kashi ɗaya cikin ɗari. Sanduna ba sa ma jin ana ƙyaftawa, nauyin zafinsu ya shanye shi.

Lahadi, 19 ga Janairu

Na ƙara sikirin, komai ya rikice. Arduino yana aiki na ɗan lokaci, sai ya sake tashi da kansa, wani lokaci ya zubo haruffan da ba su da ma'ana. Na fara zargin wutar da nake ba shi. Ba a nan gizo ke saƙa ba.

ATmega328P yana da bayit 2048 ne kacal na ƙwaƙwalwar aiki. Sikirin mai ɗigo 128 sau 64 ne, kuma ɗakin manhajar da na ɗauko, wato shirin da wasu suka riga suka rubuta don sarrafa sikirin, yana ajiye hoton sikirin gaba ɗaya a ƙwaƙwalwa, bayit 1024. Rabi ya tafi ke nan tun kafin a ce kwabo. Ni kuma na cika shirin da dogayen jimlolin da nake turawa kwamfuta, su ma a can suke zama. Abin haushin, mai tattara shirin, wato mai fassara shi zuwa yaren na'ura, bai yi gargaɗi ba, saboda ana karɓar wurin hoton ne bayan an tashi aiki. Na koma ɗakin manhaja mai rubuta haruffa kai tsaye ba tare da ajiye hoto ba, na mayar da jimlolin cikin ƙwaƙwalwar shiri mai kilobayit 32. Zanen jadawali a kan sikirin da na yi mafarki ya tafi. Lambobi uku sun isa: inda ake, inda ake so, da kashin wuta.

Asabar, 25 ga Janairu

Gwajin PID na farko, da lambobin da na zaɓa da ka.

Na fara da P kaɗai, na ba shi 4, wato kowane digiri na giɓi kashi 4 na wuta. Zafi ya hau, ya ɗan yi lilo, ya zauna a 144 ya ƙi ƙarasawa. Da na zauna na yi tunani sai na ga dole ne. Obin yana zubar da zafi ta gilashi da bango, yana buƙatar wajen kashi 25 na wuta don kawai ya tsaya a wurin. P kuwa ba ya ba da wuta sai da giɓi. Kashi 25 a raba da 4, digiri 6 ke nan, kuma ga shi nan a jadawali. Wannan ne karon farko da lissafin takarda da ƙarfen gaske suka faɗa min magana ɗaya, na ji daɗi ƙwarai.

Sai na shigo da I, na ba shi 0.1, don ya cike giɓin. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Daga sanyi na tasa obin, ya wuce 150 ko waiwaye bai yi ba, sikirin na nuna wuta kashi 100. 170, 190. A 205 na zare filogi.

Ga abin da ya faru. Hawan daga 28 zuwa 150 yana cin fiye da minti biyu, kuma duk tsawon lokacin I yana rubuta bashi. Matsakaicin giɓi digiri 60, sau sakan 130, sau 0.1: kusan kashi 780. Obin ba ya da wutar da ta wuce 100, amma mai tara bashin bai sani ba. Da aka iso 150 sai ya ce sai an biya shi kaf, kuma hanyar biyan ita ce a daɗe sama da 150. Maganin layi uku ne: in wuta ta riga ta kai ƙarshe, a daina tarawa, kuma tarin kansa kada ya wuce 100 ko ya gaza sifili.

Wani abu na lura da shi a jadawalin: duk sanda wuta ke kunne, layin zafi yana yin gashi-gashi, yana tsalle digiri 3 zuwa 4. Tamokoful ɗin da ya zo da guntun mai kan noti ne, mahaɗarsa tana taɓa ƙarfen da ya lulluɓe ta, ni kuma na ɗaure shi a bangon obin. Hayaniyar lantarki ta samu hanyar shiga ke nan, kuma abin da ake auna maikurobolt ne. Na maye gurbinsa da mai tsirarar mahaɗa, ɗan ƙulli kamar kan allura, wayarsa a lulluɓe da zaren gilashi, na rataye shi a tsakiyar obin bai taɓa komai ba. Na sa kafasita mai nanofarad 10 tsakanin wayoyin biyu, na raba hanyarsu da ta wayoyin wutar gida. Gashin ya kwanta. Riba ta biyu da ban yi tsammani ba: jinkirin farko ya ragu daga sakan 25 zuwa 14. Ashe kusan rabin laifin da na ɗora wa obin na kaurin kan ma'auni ne.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Na daina zaɓen lambobi da ka. John Ziegler da Nathaniel Nichols sun fitar da hanyarsu tun 1942: a nemo ƙarfin P da zai sa abu ya riƙa lilo ba ƙaruwa ba raguwa, a auna tsawon lilon, a fitar da lambobin uku daga nan. Neman wannan gaɓa da hannu a obin zai cinye yini, don kowane gwaji sai an jira ya huce. Na bi gajeriyar hanyar da Åström da Hägglund suka kawo a 1984: a tilasta lilon da kunnawa da kashewa, a auna girmansa, a lissafo.

Da na yi lilon tsakanin sifili da kashi 100 ya fito a karkace, hawa da gudu, sauka da rarrafe. Sai na sa shi tsakanin sifili da 50, tunda 25 ce tsakiyar da obin ke buƙata. Ya daidaita: digiri 4.5 sama, 4.5 ƙasa, zagaye ɗaya sakan 110. Sau huɗu na 25, a raba da pai (3.14) sau 4.5, ya ba da 7.07, wato ƙarfin P ɗin da ake nema. Bisa ƙa'idar Ziegler da Nichols, P ya zama kashi 60 cikin ɗari na wannan, wato 4.2, lokacin I rabin zagaye, sakan 55, lokacin D kashi ɗaya cikin takwas, wajen sakan 14. A lambobin shirina: P 4.2, I 0.077, D 58.

Sakamako: ya zarce da digiri 8, ya yi lilo sau uku, ya zauna. Haka aka san wannan ƙa'ida, tana da zafin nama. Na sassauta I zuwa 0.03, na rage P zuwa 3.5. Zarcewa ta dawo digiri 2.

D kuma ya zo da nasa rigimar. Fitilar SSR tana ƙyafce-ƙyafce kamar mai farfaɗiya ko da zafi na zaune. Dalili: takin guntun kwatan digiri ne, ina karantawa kowane kwatan sakan. Lamba ta motsa taki ɗaya, D ya ga saurin digiri ɗaya a sakan, ya ninka da 58, wuta ta yi tsalle da kashi 58 a kan abin da bai kai ya kawo ba. Yanzu ina haɗa awo huɗu in ɗauki matsakaici, in yi lissafin PID sau ɗaya a sakan. Na kuma sa D ya riƙa kallon zafin da aka auna maimakon giɓi, don kada ya zabura duk lokacin da na canza inda ake son zuwa.

Talata, 4 ga Fabrairu

Maɓallai da jerin zaɓi. Lambobin PID uku suna zama a EEPROM yanzu, wato ma'ajiyar Arduino da ba ta gogewa in an ɗauke wuta, kuma sai an danna "ajiye" ake rubutawa, tunda kowane gurbi rubutu 100,000 aka ba shi.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Yau Allah ya kiyaye.

Na sa obin ya zauna a 180 na tsawon lokaci don in ga ko zai yi ta riƙewa. Minti ashirin lafiya lau, layi a miƙe kamar an ja da rula. Na tashi na shiga ɗaya ɗakin neman waya. Ban fi minti biyar ba sai na ji ƙanena yana ƙwala kira: "Yaya, zo ka ga abin nan naka, wari yake yi!" Na tarar da sikirin na nuna 262, kuma a ƙasansa an rubuta wuta kashi sifili. Sanduna jajur. Arduino yana ta cewa a kashe, ba mai jin sa. Na zare filogi daga bango. Robar hannun ƙofa ta fara laushi, gefen SSR ya kumbura.

Laifin kashi biyu ne, kuma babban nawa ne. SSR ba makunni ne na kyauta ba, yana cinye fiye da bolt ɗaya a jikinsa in yana kunne. A amfiya 5, wajen wat 6 ke nan na zafi a cikin ɗan akwatin da bai kai tafin hannu ba. Na ga an rubuta amfiya 40 a jikinsa, na ce ai 5 wasa ne, na ɗaure shi a kan katako ba ƙarfen sanyaya, kuma dab da bangon obin. Waccan 40 ɗin da sharaɗin babban ƙarfen sanyaya aka rubuta ta.

Kashi na biyu na gano shi da na fasa mataccen. Tirayak ɗin da ke ciki, wato ƙwayar da ke ɗaukar wutar, lambar jikinta ta amfiya 12 ce. Jabu aka sayar min. Araha ta ja ni, ga shi ba ta yi ado ba.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne yadda ya mutu. Da a buɗe ya mutu, obin ya huce, in yi tsaki in canza. Irin waɗannan sun fi mutuwa a haɗe, wuta na wucewa ba mai tsayar da ita. Makonni biyu ina gyaran lambobi don in rage zarcewar digiri 8, alhali duk tsaron gidan yana rataye a wuyan ƙwaya ɗaya da ban taɓa tambayar kaina me zai faru in ta gaza ba.

Ba zan sake kunna shi ba sai na gama sashen kariya.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Sati guda a kan kariya kaɗai. Sabon SSR na gaske a kan ƙarfen sanyaya, da man isar da zafi a tsakaninsu, a akwati dabam nesa da obin. Bayan rabin awa na aiki ina iya ɗora yatsa a kansa. Rile na gargajiya ya dawo, amma a matsayin mai gadi: yana jere da SSR, yana rufewa sau ɗaya in an fara aiki, ya buɗe in an gama ko in an ga matsala. Matsalolin da shirin ke dubawa: zafi ya wuce 240, tamokoful ya tsinke, wanda MAX6675 ke sanarwa da kansa, zafi yana hawa alhali wuta ta daɗe a sifili, ko an ba da cikakkiyar wuta na sakan 40 ba abin da ya motsa, alamar ma'auni ya zame ya fita daga obin. Na kunna agogon sa-ido na cikin ƙwaƙwalwar, in shiri ya maƙale sakan biyu ya sake tayar da shi da komai a kashe. A ƙarshe fis na zafi a jikin bangon waje, wanda ba ruwansa da manhaja. Na farkon na kashe shi da hannuna, don na liƙa shi da dalma, zafin ƙarfen liƙi ya narka shi. Matse shi ake yi da ƙarfe.

Lissafin asara zuwa yau: SSR ɗaya, fis na zafi ɗaya, tamokoful ɗaya da ba shi da amfani a nan. Kuɗin da na kashe ya kusa ninka abin da na ƙiyasta, kuma ƙarin kusan duk a kayan kariya ya tafi, waɗanda ko ɗaya babu a jerin farko.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Fanel na farko. Na rubuta tsanin zafin a shiri, inda ake so yana matsawa kowane sakan, PID na bin sa. A jadawali abin sha'awa: layukan biyu kusan a manne, ƙololuwa 215, sakan 65 sama da 183. Na buɗe ƙofa da murmushi.

Rabin fanel ya yi kyau, dalma na sheƙi. Ɗaya rabin, wajen babbar mahaɗa da inda tagulla ke da faɗi, kwaɓin bai narke ba, ya yi toka-toka kamar busasshen laka. Ƙananan rizista biyu sun miƙe tsaye a kan ƙafa ɗaya, don dalmar gefe ɗaya ta riga ta ɗaya gefen narkewa ta janye su.

Na'urar ba ta yi ƙarya ba. Abin da na ce ta riƙe shi ta riƙe, wato zafin ɗan ƙullin da ke rataye a iska yana shan hasken sanduna kai tsaye. Fanel kuwa yana da nauyi, tagulla na shan zafi tana rarrabawa. Na ari mita mai karanta tamokoful, na manna nata a kan tagullar wani mataccen fanel da tef mai jure zafi, na sake gudu. Lokacin da iska ke 215, fanel yana 188. Bambancin digiri 27, kuma ya iso a makare da kusan rabin minti.

Don haka ma'aunin na'urar ya sauka daga iska, ya koma kan mataccen fanel da zai riƙa zama gefen na gaske. Lambobin da na sha wahalar samu ranar 1 ga wata sun tashi aiki, domin jinkiri ya ƙaru. Na sake gwajin lilo, zagaye ya koma sakan 150. Na kuma shimfiɗa farantin alminiyam a ƙarƙashin raga don ya baje zafin sandunan ƙasa.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Gudu huɗu ba kaya a ciki. A kan gangara PID yana biyo baya da digiri 10 zuwa 12, tunda sai ya ga giɓi yake motsi. Na ƙara masa wuta ta gaba: shirin ya san tsanin tun farko, don haka yana ba da kashin da gangarar ke buƙata sakan 20 kafin a iso ta, PID ya gyara ɗan abin da ya rage. Biyo bayan ya dawo digiri 4.

Asabar, 1 ga Maris

Fanel na biyu da na uku sun fito lafiya. Na duba kowace ƙafa da madubin ƙara girma, dalma ta hau ta kwanta, ba wanda ya miƙe tsaye. Na biyun ya tashi aiki daga kunnawar farko. Ƙololuwa a kan fanel 213, sakan 70 sama da 183.

Saukowa ce har yanzu ba ta hannun na'ura. Ba ta da abin sanyaya, iyakarta ta kashe wuta ta zuba ido, obin kuma a rufe yana sauka ƙasa da rabin digiri a sakan. Na sa ƙaramar ƙararrawa: ƙara ɗaya in buɗe ƙofa faɗin yatsa biyu, ƙara biyu in buɗe duka. Ba a motsa fanel sai ya sauka ƙasa da 150.

Abin da ke gaba: dalma marar guba, mai kuza da azurfa da tagulla, tana narkewa wajen 217, ƙololuwarta kuma tana neman 240 zuwa 245. Obin ɗina daga 200 zuwa sama da ƙyar yake yin rabin digiri a sakan ko da cikakkiyar wuta, don haka sai na cusa abin tare zafi tsakanin bangayensa biyu, in rufe rabin gilashin ƙofa da takardar alminiyam, in kuma ɗaga iyakar 240 da na sa a kariya. Zan canza MAX6675 da MAX31855, wanda ke iya faɗa in waya ta taɓa ƙasa, sai dai shi bolt 3.3 yake ci, Nano kuma 5, akwai ɗan aikin daidaitawa a tsakani. Ina kuma son ma'auni na biyu a kusurwar baya ta hagu, don na lura fanel na uku ya fi yin duhu ta can. Asabar mai zuwa zan fara da kwance bangon.